Kwandon Yamai Ya Fi Namu Tsawo

Tun ranar da aka saka ni a zauren tsofaffin ɗalibai na waya ban sake samun sukuni ba. Wannan ta ce, "Kulu, don Allah ba mu labarin Yamai." Waccan ta ce, "Wai da gaske ne an ci ku har alƙalin wasa ya ji tausayinku?" Har waɗanda a lokacin ko leƙo filinmu ba su taɓa yi ba, yanzu su ne kan gaba wajen tambaya. Na gaji da ba da labari guntu-guntu da babban yatsa, ga ido ya fara gardama. To ga shi nan na zauna na rubuta gaba ɗaya. Duk wadda ta sake tambayata, wallahi wannan zan tura mata.

Ni mutuniyar Kebbe ce, kuma ina cikin ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata ta jami'armu a shekarunta na farko. Zamanin kuɗin mai ne. Yaran yanzu in na faɗa musu cewa ranar Lahadi rabin kaza ake ɗora wa ɗalibi a faranti, dariya suke yi mini. Ko'ina ka juya gini ake yi, 'yan kwangila na ta sauri kamar ana korarsu, malamanmu kuma kowa da sabuwar mota. Mu mata a jami'ar ba mu da yawa, masu wasa a cikinmu kuwa mu tara ne cif. Wadda ta tara mu ita ce Yaya Ige, 'yar gidan malamai daga Tambuwal, doguwa, marar hayaniya, aji biyu take gaba da ni. Ɗaki-ɗaki ta bi tana lallashin mutane. Ni dai tsayina ta gani a layin abinci ta ce, "Ke, gobe da la'asar ki zo fili." Ban san ma me ake yi a filin ba na je. Kocinmu Malama Rifkatu ce, mutuniyar Zuru, mai usur a wuya ko coci za ta je. Da dogon wando da riga mai hannu muke wasa, mu ɗaure ɗankwali tamau.

Abin alfaharinmu guda ne: ba a taɓa cin mu a gida ba. 'Yan kwalejojin horon malamai sun zo, 'yan makarantar jinya sun zo, har wata jami'a da ta girme mu nesa ba kusa ba ta zo, duk sun koma da kunya. Ƙwallonsu sai ta riƙa wuce kwando tana dukan allo, mu kuwa kamar da hannu muke ajiyewa. Mu dai ba mu taɓa fita ko'ina ba.

Wannan suna shi kaɗai ya riƙe mana filinmu. Filin yana jikin ofisoshin malamai, su kuma suna neman inda za su jera motocinsu. Jami'in wasanni, Malam Sambo, bai ɓoye mana ba. Ya ce, "Ku ji da kyau. Duk zaman da aka yi sai an kawo maganar filin nan. Abin da nake kare ku da shi ɗaya ne, cewa ba a taɓa cin ku a kansa ba. Ranar da aka ci ku a nan, bakina ya mutu." Fili guda ne na mata, na maza kuwa ba sa ba mu ko da minti biyar. Kowace a cikinmu ta san in filin ya tafi, ƙungiya ta tafi.

Ana cikin dogon hutu, damina ta kusa ɗauka, sai ga takarda daga Yaya Ige ta hannun wani mai kai goro Kebbe. Ɗaliban Yamai sun gayyace mu wasan sada zumunci, wasa biyu, kuma motar jami'a za ta biyo ta Tambuwal ranar Talata ta ɗauke mu ni da ita. Na kai wa Baba magana yana gyaran turken shanu. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Wanga kwando da kuka jefa ma ƙwallo, an ce mini ba shi da gindi."

Na ce, "Ba shi da shi, Baba."

"To mi kuka tarawa ciki?"

Ya yi dariya har sai da ya dafa turke, ya ce in tafi Allah ya tsare, amma kada in kuskura in bar sallah don kwandon da ba ya riƙe komai. Inna ta ɗaura mini ƙuli-ƙuli da dambun nama da ƙullin garin fura, kamar wadda za ta Makka a ƙasa.

Kawu Manu ne ya ɗauke ni a babur ɗinsa. Wanda bai bi hanyar Kebbe zuwa Tambuwal da damina a wancan zamani ba, kada ya ce mini ya san wahalar hanya. Inda babu yashi akwai laka. Sau uku ina sauka muna tura babur, a na huɗun ma ba sauka na yi ba, zubar da ni ya yi a wata korama, ni da akwati. Kawu ya miƙe bai tambayi ƙafata ba, fitilar babur ya fara dubawa. Na ce, "Kawu, ni fa?" Ya ce, "Ke kina warkewa, ita sai an sayo." Haka na shiga Tambuwal, rabin jikina ja wur.

A gidan su Yaya Ige na kwana. Gida ne mai zaure uku, tun daga ƙofa kake jin karatu. Mahaifiyarta ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, noma kika zo yi ko wasa?" Ta sa aka ɗora mini ruwan zafi, ta wanke mini kaya da hannunta. Washegari da hantsi mota ta iso bakin titi, sabuwar bas fara, kujerunta ko ledarsu ba a cire ba. Sauran 'yan wasa bakwai suka leƙo ta taga suna ihu, sai ka ce shekara muka yi ba mu haɗu ba. Direbanmu Malam Altine, dattijo mai goro a kunci, ya hau saman mota ya ɗaure akwatunanmu da igiya, yana mita wai kayan mace tara sun fi na bataliyar soja.

Kwalta sabuwa ce har Jega da Birnin Kebbi, mota na tafiya kamar a kan tabarma. Muka yi ta waƙa muna cin dambun Inna, wanda bai ga Jega ba ya ƙare. Daga nan hanya ta fara canza hali, kafin mu kai Kamba duk waƙa ta mutu.

A ɓangarenmu na iyaka ba a tsayar da mu ba, hannu kawai aka ɗaga wa motar gwamnati. Da muka isa wajen jandarmomin Nijar ne labari ya sha bamban. Wani dogo siriri mai hula kamar gwangwani ya karɓi takardarmu, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce da Ingilishi aka rubuta, shi Faransanci ya sani. Ya jera mu a rana ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Sai idonsa ya faɗa kan ragar ƙwallayenmu guda huɗu. Ya ɗauki ɗaya ya girgiza a kunne. Da Hausarsa tsaf ya ce, "Mi ac ciki?"

Malama Rifkatu ta ce, "Iska."

"Kowa haka yaka cewa."

Ya sa aka kawo wata siririyar waya, ya zura a bakin ƙwallon, ta yi fiii ta kwanta. Ya murƙushe ta bai ji komai ba. Ya ɗauki ta biyu. Ya ɗauki ta uku. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba, na ce, "Haba malam! In zinari gare mu, a ƙwallo za mu zuba shi muna bugawa da ƙasa?"

Ya juyo ya ƙare mini kallo, daga hanci har ƙafa. Ya ce, "Ke, Bafillata ce?"

Na ce kakana ne, mu yanzu ko Fillanci ba mu ji. Sai fuskarsa ta saki. Ashe Ba'are ne, su kuwa Arawa da Fulani akwai wasa tsakaninsu tun kakanni. Ya ce, "Ashe baiwata ce ka yi mini tsiwa! Ina nonon da kika zo mini da shi?" Na ce nono ba na kowa da kowa ba ne, Ba'are in ya sha sai ya kwana uku yana godiya. Abokan aikinsa suka fashe da dariya. Na kwance ƙullin garin furar Inna na ba shi rabi, ya buga mana hatimi, ya miƙo mini ƙwallo ta huɗu da iskarta. Muna shiga mota Malama ta buɗe jakarta don ta ɗauko famfo, ta tarar ta bar shi a ofis.

A Gaya muka kwana, a wani ajin makaranta da aka shimfiɗa mana tabarmi, sauro ya yi mana maraba yadda ya kamata. Da safe a Dosso muka sami mai facin keke. Bai taɓa hura irin ƙwallonmu ba, amma ya ce ba abin da ya gagare shi. Ya fere bakin wani ƙarfe, ya hura biyu lafiya lau, ta ukun ya matsa mata har ta fashe, awakin kasuwa suka watse. Ya dubi fatar ya ce dama ita wannan ba ta da lafiya.

Mun shiga Yamai rana tsaka, muka tarar da gari shiru, shaguna a rufe. Na ce ko rasuwa aka yi. Ashe haka suke, da azahar kowa ya tafi ya kwanta, har ma'aikatan gwamnati, sai la'asar a dawo aiki. Malam Altine ya ce lallai ya sami garin da zai yi ritaya. Muka hau doguwar gada a kan kogin Kwara, ga raƙuma ɗauke da itace suna tafe tare da motoci ba wanda ya damu da wani, ga 'yan mata a kan ƙananan babura, jaka a kafaɗa. Mu da ko keke ba a bari mu hau a gida, muka manne da taga muna kallo.

Kyaftin ɗinsu ce ta tarbe mu, Ramatu, Bazabarma, gajera mai faɗin kafaɗa, Hausarta da ɗan karkace. Ta nufo Yaya Ige ta kama ta, ta manna mata kunci dama da hagu. Yaya Ige ta sandare kamar an dasa ta. Da aka zo kaina na miƙa hannu tun daga nesa na ce, "A nan ma ya isa." Ramatu ta yi dariya ta ce ta ji labarin 'yan Nijeriya, ga kuɗi ga kunya.

Masaukinmu ɗakunan ɗalibai ne, gado biyu-biyu, tsaf da su. Abinci ne dai muka yi ta fama. Da safe a kawo burodi dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa na yanka dasashi, da gahawa da madara a cikin kwano, ba kofi ba. Da rana kafin shinkafa sai a ajiye mana ɗanyen ganye da mai, mu yi ta jira a zo a dafa. Abin da ya cece mu dambun zogalensu ne, wanda har yau ban ci irinsa ba, na faɗa ko da matan Kebbe za su ji haushi. Su kuma mamakinmu suke yi, yadda za mu yi gudu a cikin dogon wando da ɗankwali, su da suke wasa da gajere.

Ranar wasan farko da la'asar fili ya cika. Muka shiga ɗumama jiki da taƙamarmu, mu waɗanda ba a taɓa ci ba. Na tsaya inda na saba tsayawa, na jefa yadda na saba jefawa. Ƙwallo ta daki leɓen ƙarfen ta dawo mini. Na sake, haka. Na duba gefe, kowa haka. Wata ma ƙwallonta ƙarƙashin raga ta bi, ko ƙarfen ba ta gaisa da shi ba. Malama Rifkatu ta ce gajiyar hanya ce, za ta sake mu.

Ba ta sake mu ba. An fara wasa muna ƙwace ƙwallo, muna gudu, muna kaiwa har gindin kwando, sai jifa ta gaza. Su kuwa ko ta ina suka jefa sai ta shiga. 'Yan kallo tun suna ihu har suka koma tafa mana in mun kusa. Wannan tafi ya fi zagi ciwo. Kada wadda ta tambaye ni ci nawa ne, na sani sarai, ba zan faɗa ba. A ɗaki aka yi ta rabon laifi: wata ta ce burodin nan ne ya tsaya mana a ƙirji, wata ta ce iskar kogi ce, wata ta rantse ta ga wani tsoho yana tofa wani abu a gindin ƙarfe. Ni kuka na yi, na haushi.

Washegari bayan sallar asuba, gari ya yi haske, Yaya Ige ta taɓa ni ta ce in zo. Muka je filin, ba kowa sai mai shara. Ta ja baya, ta taho da gudu, ta yi tsalle ta miƙa hannu. Yatsunta suka shafi raga kawai. Ta sake har sau uku. Ta tsaya tana haki ta ce, "Kulu, a filinmu in na yi wanga tsalle, ƙarfe nika taɓawa."

Na ce, "To nasu ya yi tsawo ke nan. Sun cuce mu!"

Ta ce, "Ko namu ya gaza."

Ta aike ni wajen Malam Altine na karɓo igiyar da yake ɗaure kaya. Ramatu ta zo ta same mu, da ta ji abin da ake ciki ta ɗauko tebur da kujera, ta kuma kawo tef ɗin awo daga ofishinsu. Yaya Ige ta hau, ni na danne bakin tef a ƙasa. Ƙafa goma cif, yadda dokar wasa ta ce. Sannan ta saki igiya daga leɓen ƙarfen zuwa siminti, ta ƙulla ƙulli a daidai wurin, ta naɗe ta sa a jakarta. Da muka gaya wa Malama Rifkatu sai ta zauna a bakin gado ta riƙe kai. Ta ce ita da ta zo ta tarar da filin a gine, bai taɓa zuwa mata a rai ta auna ba.

A wasa na biyu mun ɗaga hannu sama da yadda muka saba, wasu suka shiga. An dai ci mu, amma cin mutunci bai kai na farko ba. Ramatu ta raka mu har mota da ƙunshin dambu, wannan karon na bari ta manna mini kuncin.

A hanyar dawowa ne rigima ta tashi. Mun wuce Dosso na koma kusa da Yaya Ige na ce, "Yaya, igiyar nan ta mece ce?"

Ta ce, "In mun koma in gwada ta da namu. In ya gaza, in gaya ma Malam Sambo a ɗaga shi."

Kowa ta gane abin da ni ma na gane tun a Yamai: baƙinmu sun saba da kwando mai ƙafa goma, shi ya sa jifarsu ke wucewa a filinmu. In aka ɗaga namu, mu ne za mu zama baƙi a gidanmu. Na ce mata, "Wa ya sani in ba mu ba? Mu muka gina? Ke bana za ki gama ki tafi, mu za ki bari ba fili!" Na faɗi maganganu da yawa, har da waɗanda ba a faɗa wa na gaba. Wasu suka goyi bayana, wasu suka sunkuyar da kai. Malama ta ce a bari a isa gida tukuna.

Yaya Ige ta bari na gama. Ta ce, "Kulu, a gidanmu tun muna ƙanana anka hana mu tauye mudu. Da ban sani ba, ba ni da laifi. Yanzu na sani. Ba ni iya kiran ɗiyan mutane su zo mu ci su da gajeren kwando, in kuma karɓi gaisuwa."

Na koma kujerata, ba don na yarda ba. Da muka tsaya sallar azahar kusa da Gaya, ta tafi alwala, na buɗe jakarta na zare igiyar. Mota na tashi na wurga ta ta taga cikin wata gonar gero. Malam Altine ya hango ta madubi ya ce, "La ilaha illallahu, igiyata!" Yaya Ige ta dubi jakarta, ta dube ni, ta mayar da kai taga. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Har muka wuce jandarma abokin wasana, wanda ya tambayi ko baiwarsa ta ci wasa, har Kamba, har Jega, ba ta sake waiwayo ni ba.

Da muka sauka a Tambuwal ta ce in zo mu shiga gida in kwana, dare ya yi. Na ce a'a, ina da 'yan'uwa a garin. Ƙarya nake yi, a gidan wata mai tuwo 'yar Kebbe na kwana, da safe na bi motar katako.

Da aka koma makaranta, ranar farko Yaya Ige ta je wajen masu gini ta aro tef. Ashe igiyar ma ba ta buƙace ta ba. A gaban Malam Sambo aka auna, kwandonmu duka biyun sun gaza da kusan taƙi guda. Wani tsohon lebura ya ba da bayani: an kafa ƙarafan an auna daidai tun ƙasa na ƙasa, sannan aka zuba siminti, ya tsage, aka sake zuba wani mai kauri a kansa, ba wanda ya koma ya auna. Malam Sambo ya ce da ita, "Kin san abin da wannan ke nufi?" Ta ce ta sani. Aka kira mai walda ya ɗaga su.

Wasan farko da muka yi a gida bayan nan, 'yan wata kwalejin horon malamai da muka saba lallasawa suka ci mu. Na biyu ma aka ci mu. Mun fara gyaruwa, wallahi mun fara, a wasa na uku da ƙyar suka sha. Amma kafin ƙarshen zangon aka zo aka tumɓuke ƙarafan, aka ja farin fenti layi-layi, motoci suka shiga. Ƙungiyarmu ta watse. Sai bayan mun daɗe da barin jami'ar aka sake kafa wata a sabon fili, kuma na ji yaran suna ƙoƙari. A makaranta aka riƙa nuna Yaya Ige ana cewa ga wadda ta kashe ƙungiyar da ta kafa. Ni ban faɗa da baki ba, amma ranar da ta gama ban je na yi mata murna ba. Aure ya kai ta wani gari, ni aikin koyarwa ya kai ni wani, muka yi shekara fiye da talatin ko gaisuwa babu. Na yi kewarta ƙwarai, girman kai ne ya hana ni nemanta.

Ina dab da yin ritaya, ina shugabar wata makarantar 'yan mata a wajenmu, aka zo yi mana filin ƙwallon kwando. Ma'aikata suka gama, siminti ya bushe, suka kawo takarda in sa hannu. Na ɗauki biro, sai hannuna ya ƙi. Na ce a kawo tsani da tef. Suka ce, "Hajiya, mun auna." Na ce na ji, a kawo. Na tattare zane na hau, da ƙibata da ciwon gwiwata, ɗalibai na leƙe ta taga suna dariya. Ya gaza da yatsa huɗu. Shugabansu ya ce, "Haba Hajiya, yatsa fuɗu wa zai gani?" Na ce yaran da za su je wani gari wasa su za su gani. Ban sa hannu ba sai da suka gyara.

Ranar Asabar na hau babur ɗin haya zuwa Tambuwal, don na ji Yaya Ige ta dawo gidansu da zama bayan rasuwar maigidanta. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, ta rame, gashi ya yi fari, tana koya wa jikoki karatu. Ta ɗago ta dube ni, ta gane ni nan take. Duk abin da na shirya ya gudu. Na durƙusa na ce, "Yaya, an yi mana fili a makaranta. Na hau na auna da kaina."

Ta ajiye allon da ke hannunta. Ta ce, "Daga bisa siminti kinka auna, ko tun ba a zuba ba?"

Na ce, "Daga bisa siminti, Yaya." Hawaye suka zubo mini.

Ta matsa gefe ta buɗe mini wuri a tabarmar. Ta ce, "To zamna, Kulu. Kin daɗe a hanya."